Me ya sa masoya a labaran 'yan wasa ba sa yarda da juna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ɗan jima ina karanta littattafan soyayya na Turanci waɗanda jarumansu 'yan wasa ne, musamman 'yan hokin ƙanƙara. Abin da ke ba ni haushi, sai an kusa ƙarshe su rabu saboda zargi, ya dawo ya ba da haƙuri, shi ke nan wai ya sauya hali. Gazawar marubutan ce, ko tsarin ne haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Rabuwar dai tsari ce, malama. Saurin shiryawar ne yawanci gazawa.

Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta tsayar da sharuɗɗa biyu: soyayya ce ƙashin bayan labari, kuma a ƙare da farin ciki. Tun daga bango kin san za su daidaita, don haka dole marubuciya ta nemo abin da zai riƙe ki. A littattafanmu na Kano katangar daga waje take zuwa: iyaye, auren dole, kishiya. Su can iyaye ba su cika hana aure ba, sai aka gina katangar a cikin zuciya.

Rayuwar ɗan wasa kuwa ta tanadi tubalin. A NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ana buga wasa sama da 80 daga Oktoba zuwa Afrilu, rabinsu a garuruwan wasu, daga wannan otal zuwa wancan. Kulob na iya musayar ɗan wasa zuwa wani birni dare ɗaya, sai fa in kwantiraginsa ya hana. Ga kuɗi da suna tun yana saurayi. Shi yana zargin sunansa ake so, ita tana tunanin abin da ke faruwa a otal. Wanda ya fi burge ni shi ne al'adar ɓoye ciwo: kulob ɗin hoki sau da yawa ba ya faɗin inda ɗan wasa ya ji rauni, sai dai ya ce "saman jiki" ko "ƙasan jiki", don kada abokan hamayya su auna wurin. Mutumin da ya tashi a haka, yaya za a yi ya buɗe wa budurwa cikinsa? Shi ya sa marubuta ke son tsinka masa jijiyar gwiwa, ya yi wata shida zuwa tara a zaune, ba tafi ba ihu, a ga abin da ya rage.

Ga yadda za ki gane mai ƙwari. In hirar minti biyar za ta warware rikicin, misali ta ga hotonsa da wata ta kwashe kayanta ba tambaya, to dabara ce ta cika shafi. Haka shi ma in ya ɗauki lasifika a tsakiyar fili yana roƙonta gaban dubban mutane. Ni wannan ba ya motsa ni ko kaɗan, domin taro gidansa ne, ba abin da ya fi masa sauƙi.

Gwanar marubuciya takan ɗora masa jarrabawa ɗaya sau biyu. A farko ya ji ƙishin-ƙishin za a sayar da shi ya yi gum, ta tsinci labarin a jarida. Can gaba likita ya ce gwiwar ba lallai ta koma daidai ba, ya kira ta tun yana cikin mota, muryarsa na rawa. Ita ma a ba ta nata gwajin: wannan karon ta tsaya ta tambaya kafin ta yanke hukunci.

Yawan na ragwanci da kike gani yana da nasaba da kasuwa. Tun wajen 2020 da masu tallar littattafai a TikTok suka ɗaga wannan fanni, marubuta ke jera littafi bayan littafi, kowane ɗan kulob da nasa. Mai gaggawar kaiwa ga labarin mai tsaron raga ba ta da lokacin jarraba kyaftin sau biyu.