Ni ma a Littafin Firistoci nake maƙalewa duk shekara

Salama ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, wai duk Janairu kina ɗaukar alkawarin gama Littafi Mai Tsarki cikin shekara amma kafin Maris kin ajiye, in kin karanta ba ya zama, barci ma yake sa ki, har kin fara tunanin ko ke ba mai bi ta gaske ba ce. Na karanta na yi dariya, daga baya kuma hawaye suka zo, don kamar ni kika zana.

Shekara nawa ina wannan abin. Littafin Farawa lafiya lau, Littafin Fitowa ma da daɗi har a tsallake Bahar Maliya, sai a shiga awon alfarwa kamu kaza kamu kaza, daga nan Littafin Firistoci da kitsen hadaya da kuturta, shi ke nan na kwanta. Sura 1,189 ne gaba ɗaya, in za ki gama a shekara sai kin yi uku ko huɗu kullum, ranar da kika tsallake bashi ya hau, bayan sati biyu ana bin ki sura hamsin, wa zai biya? Ni da nake tashi ƙarfe biyar in ɗora ruwan wankan yara in kama hanyar kasuwa.

Amma gaskiya ba wannan ne ya raba ni da Littafi Mai Tsarki ba. A 2019 yarona na biyu ya rasu, shekararsa uku, zazzaɓi ne na kwana huɗu kawai. Muna zaman makoki ranar ta uku, ɗaki cike da matan zumunta na cocinmu, sai wata babba a cikinmu, wadda nake kira Mama, wadda ta riƙe ni a bikina, ta matso ta dafa ni ta ce, ƴata ki binciki kanki da gidanku, Allah ba ya yin abu banza. Ta buɗe Fitowa 20 aya 5 ta karanta mini wurin da ake maganar alhakin iyaye a kan ƴaƴa. A gaban mutane fa. Ko kayan yaron ban kwashe daga igiya ba. Ba wanda ya ce mata uffan, wasu ma har da gyaɗa kai, kuma wannan shirun ya fi maganarta ci mini rai. Har yau in na ji ƙamshin man da take shafawa a jikin wata sai cikina ya juya. Na yafe mata, na faɗa a gaban Ubangiji na yafe, amma kujerar da take zama a coci har yanzu zagaye ta nake yi, ba zan ɓoye muku ba. Ita kuwa ina jin ta ma manta ta faɗa.

Wata tara ban taɓa Littafin ba. Ina zuwa sujada, ina ɗaura zanen zumunta, ina waƙa, ana cewa kai wannan mata akwai bangaskiya. Ni kuwa tsoron buɗewa nake kar in sake cin karo da wata ayar da za ta ce ni na kashe ɗana.

Ƙanwar mijina ce ta cece ni, ba da wa'azi ba. Ta zo ta zauna tana taya ni gyaran wake ta ce, Yaya bari in karanta miki wani abu, Zabura 88. Ki je ki duba ta, daga farko har ƙarshe kuka ne, ba inda mutumin ya juya ya ce amma na gode, da duhu ta ƙare. Na ce dama akwai irin wannan a ciki aka bar ta? Washegari Zabura 13, mai tambayar Allah har yaushe, sau huɗu. Sai Yahaya 9, inda almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Nan na fashe da kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga baya na ga Ezekiyel 18 da kaina, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Duk suna cikin littafin da ke hannun Mama ranar nan. Ko abokan Ayuba sai da suka yi kwana bakwai shiru kafin su fara ɓata abin da bakinsu.

To ni dai abin da zan ce miki, ki bar ƙirga sura. Ki ajiye jadawalin nan, ba dokar Musa ba ce. Ki ɗauki Markus, sura 16 ne kawai kuma labari ne yana gudu, ki karanta ɗan guntu, ki koma ki sake karantawa da murya. Da murya fa, barci ba ya kama mai magana. Kuma kar ki yi a kan gado. Ni a shago nake nawa wajen ƙarfe goma in ciniki ya lafa, ina da tsohon littafin rubutu na ɗiyata, aya ɗaya nake kwafa da abu ɗaya da zan yi a kanta ranar, wani lokaci abin bai wuce in kira wadda muka yi faɗa ba.

In an jefo miki aya, ko wa ya jefo, ki karanta surar gaba ɗaya. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 Bulus da kansa suke bincika maganarsa kullum, kuma yabonsu aka yi, balle hoton da ake turowa a WhatsApp wai ki rubuta Amin ki tura wa mutum goma. Wannan abin yana ba ni haushi, kwana biyu da suka wuce ma an turo a wannan zauren namu, ban dai yi magana ba.

Wani abu kuma, da wane harshe kike karantawa? Na daɗe ina fama da na Turanci don kar a ce ban waye ba, rabi ba na ganewa. Kakata da tsohon juyin nan na 1932 ta rayu, Hausarsa da nauyi amma ta haddace Zabura da yawa tana daka tana rerawa, mu kuma ga sabon juyi mai sauƙi, ga shi a waya a manhajar YouVersion, yaranmu ko Hausar ba sa iya karantawa, wannan ma wani ciwon ne na daban.

Firistoci kuwa sai bara na gama shi, shi ma don na haɗa shi da Littafin Ibraniyawa ne bisa shawarar Baba Fasto, sai hadayun suka fara ma'ana. Ki bar shi tukuna. In kina so ki yi mini magana ta gefe mu fara Markus tare ran Litinin, amma ki sani ni ma ina tsallake kwana, ranar Asabar musamman ba na samun kaina.