Amsa: musanya layin tsaye a matiriks da Python

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce don musanya layin tsaye na farko da na uku a matiriks (teburin lambobi) mai suna a, ka rubuta a[:,0], a[:,2] = a[:,2], a[:,0] sai layukan tsaye biyun suka fito iri ɗaya, to wallahi nima abin ya taɓa cinye min dare guda a ɗakinmu nan Jidda, har aka kira asuba ina zargin kwamfutar, ashe ni ne.

Matsalar ita ce NumPy, wato laburaren lissafi na Python, in ka yanko layi haka ba kwafi yake baka ba, leƙe ne kawai cikin ainihin matiriks ɗin, so da zarar an zuba na uku a kan na farko shikenan na farkon ya tafi, sai a dawo a kwaso abin da aka riga aka canza. Rubuta haka:

a[:, [0, 2]] = a[:, [2, 0]]

wannan yana yin kwafi tukunna kafin ya zuba. Kar ka manta daga 0 ake fara ƙirga, wato 2 shine layi na uku. Kuma in ditaminan (determinant, lamba guda da ake fitarwa daga matiriks) kake lissafawa alamarsa zata juya, 5 ya koma -5, kar ka ɗauka kuskure ne. Gwada da ƙarami 3x3 ka gani.