Tambaya da Amsa: Wa ke tsawata wa kamfanin wuta?

Tambaya: Malam, ni tela ne a Tudun Wadan Zariya. Ba ni da mita, amma duk wata sai an kawo mini takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, alhali da janareta nake yawancin ɗinkina. Shin akwai mai tsawata wa kamfanin?

Amsa: Malam, akwai. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa, aikin da aka soma miƙawa a 2013, kowanne yana riƙe da yankinsa shi kaɗai, saboda haka ba ka da ikon komawa wani kamfani kamar yadda kake sauya layin waya. Shi ya sa NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ke tsayar da farashi. A Afrilun 2024 ta ɗaga kuɗin masu amfani da wuta da aka sa a rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin a ba su wuta aƙalla awa 20 a rana.

Abin da ya fi shafarka shi ne, tun 2020 hukumar ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa marar mita. Ka rubuta ƙorafi ga kamfanin, ka adana kwafi mai hatimi, idan ba a saurare ka ba ka ɗaukaka ƙara zuwa ofishin ƙorafi na hukumar. A ganina, neman mita shi ne ya fi gaggawa.

Maimakon janareta kuwa, sola tana iya ɗaukar keken ɗinki da fitilu, sai dai dutsen guga yana saurin cinye batir.