Kawu, Ga Abin da Ya Kai Mu Hawan Doki a Duwatsun Amurka

Kawu, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da sauran ƴan uwa na Daura. Saƙon muryarku ya iso bayan an tura hotunan yaran nan a zauren WhatsApp na gida. Kun tambayi me zai sa ɗan Daura ya biya Bature kuɗi don a ɗora shi kan doki, da yadda aka yi jikarku mace ta hau sirdi, da abin da muke ci da inda muke salla a cikin wannan daji. Da izininku na kawo amsar fili, domin ba ku kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba.

Wurin da kuka gani gidan kiwo ne. A yammacin Amurka, a jihohin Kolorado da Wayomin da Montana, akwai manyan gonakin kiwon shanu a gindin duwatsun Rocky, wasunsu suna karɓar baƙi daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ku kuke cikin damina, su kuma dusar ƙanƙara ta narke musu. Iyali su kan je su yi mako, a ba su ɗakin katako, a ciyar da su sau uku a yini, a ba kowa dokinsa. Abin ya faro ne daga wasu ƴan uwa uku, ƴaƴan gidan Eaton, da suka kafa gidan kiwo a yankin Dakota a 1879. Abokansu na biranen gabas suka riƙa zuwa suna daɗewa, ci da sha duk a wuyan masu gida, har a 1882 wani baƙo ya ga nauyin ya yi yawa, ya ce lallai a karɓi kuɗinsa. A 1904 suka koma gindin duwatsun Bighorn a Wayomin, gidan kuma yana nan har yau. A 1926 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu a garin Bozeman na Montana, da goyon bayan kamfanin jirgin ƙasa da ke kawo musu baƙin. Na san zai yi muku banbarakwai a ce baƙo ya biya kuɗin masauki a gidan abokinsa. Ni ma ban ɗauki wannan abin koyi ba, amma daga nan sana'ar ta fito.

To me ya kai mu? Kawu, a Daura doki ba sai an nema ba. Yaro yana tashi yana jin haniniya daga barga, a aike shi sayen harawa da dusa, ya ga yadda ake jiƙa kanwa, ran salla ya ruga Kangiwa kallon hawa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini doki a gidanku, gani da aike suka koya mini. Jikokinku kuwa a bene aka haife su, daga mota sai aji sai mota. A watan Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe Denver, babban birnin Kolorado, sanyi ya kora kowa ɗaki, yaro ya koma kan waya. Riƙon doki guda a nan, da kuɗin barga da ciyawa da likita da mai gyaran kofato, ya fi ƙarfin ma'aikaci irina. Lokaci ma awo ake yi masa: babu dokar tarayya da ta wajabta ba ma'aikaci hutu da albashi, da yawanmu mako biyu ko uku muke samu a shekara. Shi ya sa hutu a wurinmu ba ya zuwa da kansa, sai an zauna an tsara shi tun watanni kafin lokacin, kuma mutum yana tunani sosai kafin ya zaɓi inda zai kashe shi.

Ba mu kaɗai muke zuwa ba, kuma wannan ne abin da hoton bai nuna muku ba. Gidaje ne muke haɗuwa, akwai Katsinawa, akwai mutanen Maraɗi da Damagaram, akwai ƴan zangon Kumasi, mu kama ɗakuna kusa da juna. A mafi yawan irin wuraren nan waya ba ta kamawa sosai, ɗakunan ma ba talabijin. Yaran da a gida muke yi musu Hausa suna mayar mana da Turanci, idan suka kwana biyu cikin iyaye mata da ke kiran su da faɗa da wasa duk da Hausa, sai ka ji baki ya fara sakuwa. Da dare a bakin wuta muke ba su labarin Bayajidda da dokinsa da rijiyar Kusugu, kuma yaron da ya yini a kan sirdi ba irin sauraren da yake yi wa labarin nan a falo yake yi masa ba.

Dokinsu da hawansu dabam ne da namu, kuma na san nan ne kunnenku yake. Da sassafe masu kula da dawakin sukan koro garken daga makiyaya a guje, ƙura ta tashi, ƙasa tana amsawa, su tura su cikin shinge. Ba a ɗaure doki a turke a kai masa abinci, a sake yake kwana a fili. Ingarma kuwa ba a ba baƙo, sai wanda aka dandaƙe ko goɗiya, domin lafiyar hali ake nema. Sirdin babba ne mai nauyi, da wani ƙaho a gaba inda makiyayi ke naɗe igiya idan ya kama ɗan maraƙi. Likkafar faffaɗa ce, ana sa takalmi mai dunduniya don kada ƙafa ta zarce. Linzamin da ake sa wa dokin baƙo bai kai namu kaifi ba, kuma ba da ja ake juya shi ba: hannu ɗaya ake riƙewa a sake, idan aka jingina igiyar a wuyansa ta dama sai ya karkata hagu. Wanda ya saba da linzamin da ke tsayar da doki cak a gaban sarki dole ya sassauta hannu. Babu jafi, babu kwalliya, babu zagi, babu algaita. Jere ake yi ɗaya bayan ɗaya, a hau tudu ta siririyar hanya cikin dogayen itatuwa, a ratsa rafi mai ruwan ƙanƙara, dokin yana zaɓen inda zai sa kofato tsakanin duwatsu. Namu dokin sarauta ne, nasu dokin aiki, kuma kowanne gwani ne a abin da aka hore shi a kai. Jini ma akwai inda ya haɗu, domin Sifaniyawa ne suka shigo da doki Meziko a 1519, dawakinsu kuma suna da gaurayen jinin dawakin Arewacin Afirka, inda namu ma suka samo tushe.

Faɗin ƙasar ne ya sa hawan yake da daɗi. Wayomin ta ninka jihar Katsina kamar sau goma, mutanenta ba su kai 600,000 ba, kusan rabin ƙasar kuma ta gwamnatin tarayya ce, sai a yini ana tafiya ba a ga gida ba. Tsayin wurin ma abin lura ne. Denver kanta tana mita 1,609 sama da teku, gidajen kiwon da ke cikin duwatsu sukan wuce mita 2,000. Ranar farko numfashi yakan yi wuya, kai ya yi ciwo, sai an yawaita shan ruwa, da dare kuma ko a Yuli sai da bargo.

Batun jikarku, ban ɗauke shi da wasa ba, kuma mun tattauna shi a tsakaninmu kafin mu fara zuwa. Wando mai kauri take sawa a ƙarƙashin doguwar riga, hijabi a ƙarƙashin hular kwano. Da yawa cikin masu kula da dawakin mata ne, tun kafin mu iso muke roƙon mace ce za ta taimaka wa matanmu hawa da sauka, akwai kuma dakalin katako da ake takawa, ba sai an ɗaga kowa ba. Wasu iyayen mata ba sa hawa sam, sukan zauna a barandar ɗaki, ba mai matsa musu. Ni dai na bar ta ta hau. Yarinyar da a makaranta ita kaɗai ce mai hijabi a ajinsu, da na ga ta tsayar da dabba mai nauyin kilo ɗari biyar da hannu ɗaya, ta juyo tana neman idona, na san ta samu abin da zai yi mata amfani a ƙasar nan. Kuma ƴar garin da magajiyoyi suka mulka ce, garin da har yau ake Hawan Magajiya.

Abinci shi ne wurin da muka fi sa ido, domin karin kumallonsu ba ya rabuwa da naman alade, wake ma wani lokaci da kitsensa ake dafawa. Tun wajen kama ɗaki muke faɗa musu. Mukan sayi naman yankan Musulmi a birni mu taho da shi cikin akwatin ƙanƙara, mu roƙi a gasa mana dabam. Sauran kuwa ƙwai ne da dankali da masara da kifin rafi, yajinmu yana cikin jaka. Kada ku aiko da kilishi, jami'an kwastan ba sa barin nama ya shigo. Salla a kan ciyawa muke yin ta cikin jam'i, alƙibla a nan arewa maso gabas take. Yinin yana da tsawo, magariba sai wajen tara saura, asuba tun kafin ƙarfe huɗu. Akwai daren da suke shan giya da rawa maza da mata, ranar mu bakin wutarmu muke komawa, ba su taɓa ganin laifinmu ba.

Kuɗin yana da yawa, dala dubbai ne ga iyali guda, adashi muke yi tun farkon shekara, kuma ba kowace shekara ba. Kun yi gaskiya da kuka ce zuwa gida ya fi. Amma tikitin jirgi na iyali duka zuwa Kano ya fi wannan tsada, mako guda kuma ba ya isa tafiyar Daura. Ga salla tana ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2024 Babbar Salla ta zo tsakiyar Yuni, daidai hutun makaranta, daga 2026 kuwa ta koma Mayu, yara suna aji. Duk da haka muna tara kuɗin zuwa. Idan Allah Ya kawo mu, ina roƙon ku da kanku za ku nuna wa babban jikanku yadda ake ɗaura sirdinmu da riƙon linzaminmu, domin hannunsa ya saba da na can, kuma ingarmanku ba zai yi masa haƙurin da dokin baƙi yake yi masa ba. A gaida Inna da dukan mutanen gida.