Tambaya da Amsa: Za mu kai iyali Kuala Lumpur, me ya kamata mu sani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Katsina. Ɗana yana karatu a Malesiya, za mu je bikin kammala karatunsa ni da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, kuma muna so mu ƙara mako guda mu ga Kuala Lumpur. Damuwata abinci da sallah, domin maiɗakina ba ta cin abin da ba ta tabbatar da halaccinsa ba. Sannan ina ne ya cancanci a je?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sanya albarka a karatun yaro. Ka kwantar wa Hajiya da hankali, a duk manyan biranen da na taka a wajen ƙasashen Larabawa, ban ga inda Musulmi ke sakewa kamar Kuala Lumpur ba. Gwamnati tana da hukumar kula da al'amuran Musulunci, JAKIM, ita ke ba da tambarin halal, za ku gan shi manne a ƙofar gidajen abinci da jikin kayan gwangwani. Inda za ku lura shi ne gidajen abincin 'yan asalin Sin, da yawansu suna dafa naman alade, kuma ba sa ɓoyewa. Idan babu tambari, a tambaya, ba wanda zai ji haushi.

Ni dai karin kumallona a shagunan mamak nake yi, wato na Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda wasunsu ba sa rufewa dare da rana. Ku zauna kusa da mai yin roti canai ku kalle shi: zai shafa wa ƙullin mai, ya riƙa wurga shi yana maka shi a kan tebur har ya zama siriri ana hango hannunsa ta ciki, sannan ya naɗe ya ɗora a kasko. Ana ci da miyar wake ko romon kori. Shayinsu mai madara, teh tarik, daga kofi zuwa kofi ake zuba shi daga nesa har ya yi kumfa, amma sukarinsa yana da yawa, mai ciwon suga ya ce a rage. Nasi lemak kuwa shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da soyayyiyar gyaɗa, ƙananan kifi, ƙwai da wani jan yaji mai zaƙi-zaƙi. Yajin nan galibi akwai dakakken jatan lande a ciki, wanda jikinsa ba ya karɓar kayan teku ya kiyaye.

Sallah ba ta da wahala ko kaɗan. A filin jirgi, manyan kantuna da gidajen mai, ku nemi allon da aka rubuta Surau, ɗakin sallah ke nan, da wurin alwala, maza daban mata daban. A ɓangaren mata akan ajiye dogayen hijabai na aro. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, kuma lokutan sallah suna jinkiri: asuba wajen ƙarfe shida, azahar bayan ɗaya, magariba bayan bakwai. 'Yan mazhabar Shafi'iyya ne, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla, kuma a asuba ya yi ƙunuti da ƙarfi bayan ruku'u, jama'a sun ɗaga hannu suna amin. Ka bi limaminka kawai.

Batun yawo, shawarata ita ce kada ku ƙarar da makon a cikin manyan kantuna, ko da yake sanyin na'ura zai ja ku. Garin yana da zafi mai ɗanko irin na Legas, kuma sau da yawa da la'asar hadari kan haɗu a sheƙa ruwa da tsawa na awa ɗaya ko biyu. Saboda haka ku fita da sassafe, ku dawo masauki bayan azahar, ku sake fita bayan magariba.

Ku fara da Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, daga nan garin ya faro. Da ƙafa za ku isa Dataran Merdeka, filin da aka sauke tutar Ingila a daren samun 'yanci, 31 ga Agusta 1957. Wurin da na fi so a birnin gaba ɗaya shi ne gidan adana kayan tarihin Musulunci, kusa da Masjid Negara, babban masallacin ƙasa. Akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu daga ƙasashe daban-daban, da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya, har da na Makka da Madina. Wanda ya tashi da allo da tawada zai daɗe a gaban waɗannan takardu yana duba yadda kowace al'umma take ƙawata gefen shafi. Ku ba shi rabin yini, bai yi yawa ba.

Tagwayen benen Petronas, masu tsawon mita 452 da hawa 88, su ne suka fi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. A sayi tikitin hawa ta intanet tun da wuri, yakan ƙare. Idan ba a samu ba, kallonsu da dare daga lambun da ke ƙasa ya wadatar. Batu Caves kuma, a arewacin gari, kogon dutse ne mai matakala 272, amma ku sani wurin bautar Hindu ne, da ƙaton gunki a bakin shiga, sai ku yanke wa kanku. Birai na wajen suna fizge leda daga hannu. Hajiya za ta fi jin daɗin shagunan yadi da gyale na titunan Jalan Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India.

Takardu: biza daga ofishin jakadancin Malesiya a Abuja, fasfo mai sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin cutar shawara, da fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin isa. Ku riƙe takardar gayyatar jami'a da ta masauki a hannu, ana yi wa masu fasfon Najeriya tambayoyi. A gari, Grab, manhajar kiran mota ta waya, ta fi tasi sauƙi, kuma motoci ta hagu suke tafiya, ku dubi dama kafin ku tsallaka titi.

TAMBAYA: Anti, ni matashi ne a Kano. Wani ya ce zai biya mini kuɗin jirgi zuwa Kuala Lumpur in riƙe masa jaka ɗaya. In karɓa?

AMSA: Ƙanena, kada ka karɓa, ina roƙonka. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Malesiya ta 1952 tana ɗaukar wanda aka kama da kaya a matsayin ya san abin da ke ciki, sai shi ya kawo hujjar akasin haka. Tun gyaran 2023 ba dole ba ne alƙali ya yanke hukuncin kisa, amma yana da ikon yankewa, in kuma bai yanke ba, ɗaurin rai da rai ne da bulala. Akan ɗinke ƙwayar a cikin rufin jaka ko tafin takalmi, inda ko ka zazzage kayan ba za ka gani ba. Ka sanar da mahaifinka ko wani babba a gidanku wannan tayin yau, kuma kada ka ba mutumin fasfonka.