Tambayi Likita: Ƙaba, Tiyatar Haihuwa da Yanar Ido

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 68, kuma ya daɗe da wani kumburi a matsematsinsa na dama. In ya miƙe ko ya yi tari sai ya fito, in ya kwanta ya koma. A asibiti an ce ƙaba ce, sai an yi aiki. Shi kuma ya ce tunda ba ta dame shi da ciwo ba, ba zai yarda a yanka shi ba, tsoronsa kada a yi masa allurar barci ya ƙi farkawa. Babu maganin sha ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Maganin sha dai babu shi, na shafawa ma babu. Ƙaba ɓula ce a bangon ciki. Naman wurin ne ya yi rauni ya buɗe, hanji ko kitsen ciki yake leƙowa ta nan. Ƙwaya ba ta ɗinke ɓula, bel ɗin da wasu ke ɗaurawa kuma danne kumburin kawai yake yi, ramin yana nan yadda yake.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙabar da ba ta ciwo kuma take komawa da kanta, likita yana iya cewa a zuba mata ido na wani lokaci. Sai dai yawancin waɗanda aka bari haka, daga baya ciwo yakan dawo da su a yi aikin, ga shi shekaru sun ƙaru, ramin ya faɗaɗa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da hanjin zai fito ya ƙi komawa. Bakin ramin ya shaƙe shi, jini ya daina kai masa, cikin sa'o'i kaɗan ya fara mutuwa. Na sha buɗe irin wannan da tsakar dare. Hanjin da ya kamata ya zama ja-ja yana sheƙi sai ka tarar ya yi baƙi-ƙirin. Mu saki shaƙar, mu lulluɓe shi da ƙyalle mai ruwan ɗumi, mu tsaya muna kallo ko launinsa zai dawo. In ya dawo, mun gode Allah. In bai dawo ba, dole a yanke wannan sashen a haɗa sauran, kuma aikin da bai fi na sa'a guda ba ya zama babbar tiyata ga dattijon da ya kwana yana amai, jikinsa ba ruwa.

Wanda aka shirya wa kuwa lamarinsa da sauƙi. Ana yin 'yar tsaga a matsematsi, a mayar da abin da ya leƙo, a shimfiɗa wata raga ta musamman a ɗinke ta a wurin don ta ƙarfafa bangon. Wasu asibitocin suna yi da kyamara ta ƙananan huji. Da yawa sukan koma gida a ranar ko washegari, a ce su guji ɗaga kaya mai nauyi na makonni 4 zuwa 6.

Sai batun tsoron Baba, kuma kada ku raina masa shi. Ku gaya masa ba lallai ne ma a sa shi barci ba. Ana iya yin wannan aiki da allurar ƙashin baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa na 'yan sa'o'i, ko a kashe wurin kaɗai, idonsa biyu ana hira da shi. In ma barcin ne, tun 1846 da aka fara nuna wa jama'a tiyata da maganin sa barci a Boston ta Amurka aikin yake ta gyaruwa. Yau akwai ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai tsayuwa a kan majiyyaci daga farko har ya farka, da 'yar na'ura a yatsa tana nuna iskar da ke cikin jini, wata tana auna bugun zuciya. Haɗari bai ƙare gaba ɗaya ba, shi ya sa ake gwaji kafin ranar: hawan jini, suga, yawan jini da lafiyar zuciya.

Ku tafi da duk magungunan da yake sha ku nuna, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da warfarin, kada ya daina ko ya ci gaba sai da izinin likita. In yana da tsohon tari, ko taurin bayan gida, ko sai ya yi yunƙuri kafin fitsari ya fito, ku faɗa, domin su ne ke tura ƙaba, kuma suna iya dawo da ita bayan aiki. Da aka ce kada ya ci komai kafin tiyata, ku riƙe wannan da gaske. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce sa'a 6 ba abinci, sa'a 2 ba ruwa, saboda mai barcin allura ba ya iya tare amai, abin da ke cikinsa yana iya gangarawa huhu. Tausayi yakan sa 'yan'uwa su ba majiyyaci wani abu a ɓoye. Don Allah kada ku yi.

Kafin ranar ta zo, in kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri yana zafi, ko amai ya biyo baya, ko ciki ya kumbura ba tusa ba bayan gida, ku kai shi asibiti a lokacin, ko da ƙarfe nawa ne.

Tambaya: Likita, haihuwata ta fari aiki aka yi mini saboda yaron ya juyo da ƙafa. Yanzu ina da ciki wata 5, ana ta ce mini duk wadda aka yi wa sau ɗaya ba ta ƙara haihuwa da kanta. Haka ne? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ba haka ba ne. Dalilin aikinki na farko kwanciyar wancan yaron ne, ba lallai ya maimaitu ba. Cikin matan da aka yi wa sau ɗaya kuma likita ya ga sun dace su gwada naƙuda, kusan 3 cikin 4 sukan haihu da kansu. Amma akwai sharuɗɗa. Ya zama tsagar da ke jikin mahaifar a kwance take a ƙasa, kuma tabon da kike gani a fata ba ya nuna wannan, sai takardun aikin, don haka ki nemo su. Ana kuma duba tazarar da ke tsakanin haihuwar biyu, an fi so ta kai wata 18 ko fiye, da kwanciyar jariri da inda mabiyiya take.

Abin da ake gudu shi ne tsohon ɗinkin ya yage ana cikin naƙuda. Yakan faru ga kamar mace 1 cikin 200, amma in ya faru, mintuna ne tsakanin rayuwa da rasa jariri, har da uwar. Saboda haka naƙudarki daga farkonta a asibiti za ki yi, wanda ke da ɗakin tiyata da jinin ƙari a shirye dare da rana. Kada ki karɓi wani maganin ƙara naƙuda daga hannun kowa. In kuma aka duba aka ce aiki za a sake, ki karɓa da zuciya ɗaya. Wadda aka yi wa aiki ta haihu cikakkiyar haihuwa, kuma yana yi mini ciwo in ji ana gaya wa mace wai ragwanci ne.

Tambaya: Kakata tana gani dishi-dishi, an ce yanar ido ce. Gaskiya ne sai an ciro idon a wanke a mayar? Daga wata jika.

Amsa: Ido ba ya barin gurbinsa, 'yata. A cikin ido akwai wani ɗan madubi da haske ke ratsawa, tsufa ko ciwon suga kan sa ya yi hazo. Ana kashe idon da ɗigo ko allura, a yi tsaga ƙarama, a cire mai hazon a sa na roba, wanda wani likita, Harold Ridley, ya fara dasawa a Landan a 1949. Aikin bai cika wuce rabin sa'a ba, ido ɗaya ake yi sannan ɗayan daga baya. Ba sai an jira ta daina gani sam ba, da zarar ta fara kasa harkokinta lokaci ya yi. Ku roƙi a auna mata hawan jinin ido kafin aikin, domin in jijiyar gani ta riga ta lalace, cire yanar ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Bayan an yi, ku kula da ɗigon da aka rubuta a kan lokaci, kada ta murza idon ko ruwa ya shiga, kuma in ya yi ja da zafi ko ganin ya ragu, ku koma a ranar.