Allon tsakiyar jirgina ya ƙi sauka, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ina zaune a Baltimore ta Amurka, bara na sayi wani tsohon jirgin ruwa mai filafilai, jikinsa na faiba ne, ƙirar 1978, tsawonsa ƙafa 22, da arha na same shi. Matsalar ita ce allon ƙarfen nan da ake saukarwa ta ƙarƙashin jirgi ya maƙale a sama, na saki winci (abin naɗe wayar da ke ɗaga allon) har waya ta yi sako-sako amma ko motsi, kuma jirgin ya kwana biyu a ruwa ba a fita da shi ba. Wani abokina ya ce in nutsa in ɓamɓaro shi da ƙarfe. In yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. A'a, kar ka yi, dan Allah kar ka nutsa. Irin waɗannan jiragen, misali Catalina 22 da aka fara ƙerawa a 1969, allonsu zubin ƙarfe ne mai nauyin kusan kilo 250, kuma kai da bakinka ka ce waya ta saki, kenan ba abin da ke riƙe da shi sai abin da ya cushe shi, yana kuɓucewa zai faɗo gaba ɗaya, in bai samu hannunka ba zai iya tsaga gindin jirgin. Fara maida wayar nan ka ɗan ɗame ta, ka bar sakin da bai wuce taƙi ɗaya ba.

Ga masu karatu da ba su san abin ba, allon nan yana kwana ne cikin wani siririn rami a cikin jirgi kamar wuƙa a kube, an rataye shi da fin guda ɗaya a gaba, waya na ɗaga bayansa. Aikinsa ya hana iska tura jirgi ta gefe, in babu shi ba ka iya tunkarar iska, in kuma mai nauyi ne shi ke hana jirgin kifewa. Saboda haka kar ka ɗaga filafilai a haka.

Toh me ya riƙe shi? Ni zargina biyu ne. Na farko 'yan halittun nan masu ɓawo da ke manne wa gindin jirgi, ruwan Chesapeake, wato mashigin tekun da ke wajenku Baltimore, gauraye ne da gishiri, suna son sa sosai, su cika ramin su haɗu da laka da tsakuwa. Wannan mai sauƙi ne. Na biyun shi ne tsatsa, kuma ga jirgin 1978 na fi karkata nan, domin ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ɓawon tsatsar ya ninka kaurin ƙarfen da ya ci sau da yawa, ramin kuwa dama ɗan sarari kaɗan aka bari dama da hagu, sai allon ya cije. Na katako ma haka, ruwa yake sha ya kumbura. Wani lokacin kuma fin ne ya lanƙwashe ko waya ta goce daga kan kurarta.

Duk wanne ne sai an fitar da jirgin tudu. Ka biya a ɗaga maka shi da injin ɗaga jirage, eh akwai kuɗi amma ya fi gyaran tsagaggen gindi arha nesa ba kusa ba. A sa jak da katakai a ƙarƙashin allon tukuna, a bar ɗan tazara yadda in ya saki zai sauka a kansu. Sai a feshe ramin da ruwa mai ƙarfi, a bi gefe da gefe da dogon ruwan zarto ana kankarewa, ana jijjiga shi a hankali. In akwai kafa ta sama a zura sanda a danna, banda dukan hauka da guduma, faiba ba ta son haka. Kar kowa ya sa kai ko hannu a ƙarƙashi.

Tunda ya sauko gara a cire shi gaba ɗaya a huta. A kankare tsatsar da feshin yashi ko giranda har ƙarfe ya fito fes, a shafa ifoksi, wato gam ɗin nan mai tauri da ke hana ruwa taɓa ƙarfe, ranar nan take don kafin gobe ya fara ja, a cike ramuka a goge, sannan fentin hana halittu mannewa, amma kar a lafta, mutane da yawa fentin da suka jibga ne ke sake cushe musu allo. Duba fin da ramin da yake shiga, in ramin ya zama kamar ƙwai sai an sa masa bushi, wato ɗan zoben da zai rungume fin ɗin daidai. Wayar kuma canza ta ko da ta yi maka kyau a ido, sitenles ɗin da ake yin irinta da shi a wurin da iska ba ta shiga ta ciki yake ruɓewa, ga shi ba ta da tsada.

In ka maida shi ruwa, duk sati ka sauke ka ɗaga ko da ba za ka fita ba, lokacin sanyi kuma ka fitar da jirgin ka tabbata ruwa bai kwanta a ramin ba don in ya daskare yana fasa faiba. Allah ya ba da sa'a.